Injin Agogon Mahdi

Sunana Fadeke, amma a kasuwar Taminus Maman Tolu kowa yake ce mini. A Jos aka yanke cibiyata, kuma duk wanda ya ce in koma garinmu sai na tambaye shi wanne, don ni ban san wani ba. Batir nake sayarwa da fatun agogo da gilasai, a ɗan teburin da marigayi mijina Moruf ya bar mini. Kafaɗa da kafaɗa da ni teburin Baba Jika ne mai gyaran agogo. Tun da babbar kasuwa ta ƙone muka raɓe a barandar wani tsohon kanti, ni da shi, kullum cikin faɗan wa ya ci wa wani wuri.

Baba Jika mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya dariya sai ya ga dama, kuma ba ya ganin damar. Yana da wata al'ada irin ta tsofaffin masu gyara: duk agogon da ya buɗe, kafin ya rufe sai ya sa tsinin allura ya zana ɗan ƙaramin jim na ajami a cikin murfin baya. Ya ce don kada wani ya kai agogo wurin 'yan kwaɓe su lalata, sannan ya dawo yana ɗaga masa murya. In ya buɗe bai ga jim ɗinsa ba, to ba aikinsa ba ne. Nakan tsokane shi in ce Baba, ko akuya ce da ake yi wa shaida a kunne? Sai ya ce in ji da batirina na jabu.

'Yarsa ɗaya, Salma. Mijinta Mahdi tela ne, yaro mai kunya, mai yawan gaisuwa. Wata Juma'a a Satumbar 2001 ya fita kai ɗinki, gari ya rikice, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga takalmi ba. An zaga asibitoci, an zaga barikin soja, an leƙa inda aka tara waɗanda ba a gane ba, shiru. A hannunsa ranar akwai agogon da Baba Jika ya ba shi lokacin biki, ruwan zinariya mai farar fuska, irin fasalin na turawan kuza na da. Jabu ne, katan-katan ake shigo da irinsa, amma na wani ne, wato mai murɗawa, ba na batir ba, sai ka murɗa masa kai kowace safiya yake tafiya. Baba ya warware shi ya wanke injin da kansa, ya zana jim ɗinsa, har ya nuna wa dangin ango a wurin ɗaurin aure, don su san ba sayowa kawai ya yi ya miƙa ba.

Shekara bakwai ke nan Salma ba matar aure ba, ba bazawara ba. Malamai sun ce tana iya zuwa gaban alƙali a warware, manema sun zo sun gaji sun tafi. Ita magana ɗaya take da ita: a nuna mata wani abu nasa, ko hula ce, ta san ya rasu, ta yi takaba. In ba haka ba tana nan tana jira. Tana zaune gidan uban a Dutse Uku tana saƙa rigunan sanyi, ranar da ta shigo gari sayen zare ta kawo masa abinci. Tausayinta nake ji har cikin raina, wani lokacin kuma haushinta, don yarinya ce kyakkyawa tana tsufa a tsaye.

Sai ƙanen Mahdi, Haladu, ɗan acaɓa. Shi ba jira yake yi ba, nema yake. Kowa a layinmu ya san abin da ke ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa, kuma ba sufana ba ce.

Abin da zan faɗa ya faru ne a makon zaɓen ƙananan hukumomi na 2008. Rikicin da ya auka wa garin a Juma'ar wannan makon kowa ya sani, ba shi zan ba da ba. Amma tun Litinin ana jin abin a jiki. Masu shaguna na rufewa tun kafin la'asar. Obiageli mai sayar da takalma a gefenmu ta ɗora 'ya'yanta a mota ta tura gida. Mutane na sayen gari da kananzir fiye da kullum, kowa na duba waya yana ɓoyewa. Mutumin da kuka saba wasa da shi sai ya gaishe ka yana kallon bayanka.

Ranar Talata da hantsi wani mutum ya tsaya gaban teburin Baba. Dogo ne, da rigar sanyi mai zif, takalminsa da busasshen kashin shanu a gefe. Ya ce sunansa Ignatius, a wata gonar madara yake aiki can Vom, a wajen Jos. Hausarsa irin ta 'yan gari ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya ciro agogo daga aljihu ya ajiye.

Ya ce, “Baba, wannan abu ya gaji. Kullum sai an murɗa, yanzu ma ko an murɗa ba ya tafiya. An ce ana iya cire injin a sa na batir.”

Baba Jika ya ja tsaki, don ba abin da ya tsana irin wannan aikin. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya sa wuƙar buɗewa, murfin ya ɗago. Ina ɗaura wa wata mata fata a lokacin, amma na ji shirun. Shekara da shekaru muna zaune tare, na san shirunsa kala-kala, wannan ban taɓa jin irinsa ba. Na waiga. Ya riƙe murfin a tafin hannu yana kallo, leɓensa na ƙasa yana motsi shi kaɗai.

Ya mayar da murfin ya danne. Ya ce, “Malam, a ina ka samu wannan?”

Ignatius ya ce, “Ya daɗe a hannuna. Bayan rikicin farko na saya a wurin wani yaro a bakin titi.”

Bai kalli Baba ba da ya faɗa, titi yake kallo. Amma a makon nan kowa titi yake kallo, balle mutumin Vom da ke tsaye a tsakiyar Taminus. Kuma gaskiya ne bayan rikicin an yi ta baza kaya a bakin hanya, takalma da rediyo da agogo, kowa ya san daga inda suka fito, kowa ya yi kamar bai sani ba. Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Yana iya zama shi ya kwance shi da hannunsa.

Baba ya ce ya dawo gobe da hantsi, tunda jibi zaɓe, babu fita. Mutumin ya yi godiya ya tafi.

Na matsa na ce, “Baba, lafiya?”

Ya sake ɓalle murfin, ya miƙo mini gilashin. Na kara a ido. Jim ɗin na nan a gefe, ya yi baƙi saboda gumi da shekaru. To, agogo nawa ne a Jos masu wannan jim ɗin? Dubbai. Na faɗa masa haka. Sai ya nuna mini cikin injin da bakin hantsaki, wata 'yar ƙusa jar tagulla a cikin farare.

Ya ce, “Tasa ta asali ta karye mini ana gobe biki. Wannan daga agogon mahaifina na ciro. Babu biyunta, Maman Tolu.”

Na koma na zauna, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma bayan azahar sai ga Haladu ya faka babur, ya zo gaishe da Baba kamar yadda yakan yi in ya sauke fasinja a kusa. Agogon na cikin akwatin gilashi tare da sauran. Baba bai ɓoye shi ba, ina jin hankalinsa ma ba ya jikinsa. Haladu na tsakiyar gaisuwa ya tsaya.

Ya ce, “Baba, wannan irin na Yaya ne.”

Baba ya ce, “Irinsa sun fi dubu a garin nan.”

“Na wane ne?”

“Na wani mutum ne. Batirinsa ya mutu.”

Na ɗago na kalli tsohon. A iya sanina ko farashi ba ya ƙarawa, balle ƙarya, ga shi ya shimfiɗa ta ba ko tari.

Haladu ya ce, “Na Yaya ba na batir ba ne.”

“To ka gani.”

“Buɗe in gani, Baba. Ai kana da shaidarka a ciki, da idona na gani ranar ɗaurin aure.”

Baba ya ce murfin ya ci tsatsa ya kama, ya ɗiga masa mai, sai ya kwana ya sha. Haladu ya ce a ba shi ya tafi da shi, shi zai buɗe ko da dutse ne. Baba ya ce amanar mutum ce, ba ta barin teburinsa. Suka kalli juna. Sannan Haladu ya juyo wurina, don ya san bakina ba ya kulle.

“Maman Tolu, wa ya kawo?”

Na ce ni ina na sani, ina fama da kwastoma. Amma mai lemun da ke gefe, Allah ya shirye ta, ta tsoma baki ba a tambaye ta ba. Ta ce ai wani dogo ne ɗan Vom, gobe da hantsi zai dawo.

Haladu bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, “To gobe ina nan. A buɗe a gabana, a gabansa. In ba shi ba ne, shi ke nan.” Bai faɗi abin da zai faru in shi ne ba, ya hau babur ya tafi. Ko kusa bai kawo a ransa cewa uban Salma zai ɓoye masa irin wannan ba. A ganinsa tare suke neman mutum ɗaya.

Baba ya bi babur ɗin da kallo har ya ɓace. Can ya ce, “Maman Tolu, gwangwanin Moruf na nan?”

Wani tsohon gwangwanin madara ne babba da mijina ya cika da matattun agogo, muna ciro kaya a ciki in an rasa. Na gane abin da yake nufi, raina kuwa ya ɓaci.

Na ce, “Baba, ka san me kake shirin yi? Shekara bakwai yarinyar nan tana roƙon a nuna mata abu ɗaya. Ga abin Allah ya kawo har teburinka.”

Ya ce, “Na sani.”

“In kuma shi ne ya kashe shi fa?”

“In shi ne, akwai Allah. In ba shi ba ne, ni na yanka shi da allurata, a kan agogon da ya saya a bakin titi.” Ya ɗago ya nuna titin da haɓa. “Kuma ki dubi garin nan. A zubar da jinin mutumin Vom a Taminus ana gobe zaɓe. Ke a ina za ki kwana? Tolu fa? Haladun ma ba zai kai Juma'a ba.”

Na ce to a gaya wa Salma ita kaɗai.

Ya ce, “Ranar da ta shiga takaba, Haladu zai tambayi dalili. Vom ba nisa.”

Ban so ba, amma na durƙusa na jawo gwangwanin.

Aikin ba na sa sabon inji ba ne kamar yadda mai shi ya nema. Sai an mai da agogon kamar tun daga masana'anta na batir ne, ya tsufa a haka. Muka zazzage gwangwanin a kan buhu muna tonawa. Sai da muka gwada injin batir huɗu ko biyar kafin muka samu mai rai, tsoho, da ɗan koren tsatsa a mazaunin batir, daidai yadda ake so. Murfi kuma dole a sauya, don in aka kankare jim ɗin wurin zai yi haske, makaho ma ya gani. Na tuna Moruf ya taɓa saro irin wannan jabun. Muka samu ɗaya, na yi murna, Baba ya juya murfin ya kara gilashi, sai ya ajiye.

Ya ce, “Wannan ma na taɓa buɗe shi.”

Na ce, “Ka ga irinta ko? Kai da zane-zanenka, duk garin ka bi ka shaida.”

Can ƙasa muka samu wani, gilashinsa a fashe, fuskarsa ta ci ruwa, amma murfinsa fes, ba wanda ya taɓa sa masa allura.

La'asar ta yi, layin ya fara watsewa. Na ja zanina na rataya a gefen baranda kamar ina tare iska, na riƙe masa tocila. Ya sassauta 'yar ƙusar da ke riƙe da sandar murɗawa ya zare ta. Ya kifa agogon, injin ya faɗo tafin hannunsa tare da fuskar. Ya ɗage hannayen agogon ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan farin ƙyalle. Ana cikin haka ƙaramin hannun agogon ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, muka duƙa mu biyu muna lalube cikin ƙasa kamar masu tsintar shinkafa.

Injin batir ɗan mitsitsi ne, in ka sa shi a gidan mai murɗawa sai ya yi ta yawo a ciki. Baba ya ciro zoben roba daga wani matacce, ya yi ta gogawa da zarto yana gwadawa har ya zauna daram. Ƙafafun fuskar ba su dace da ramukan sabon injin ba, dole ya karya su ya manna da gam. Da ya karya ta farko sai da ya runtse ido. Wannan shi ne aikin da ya yi shekaru yana zagin yaran zamani a kansa. Sandar ta yi tsawo, ya datse, ya mayar da tsohon kan a jikinta. Ramukan hannayen sun yi faɗi, ya matse su da hantsaki a hankali. Ya sa sabon batir, hannun ya fara tsalle ɗaya-ɗaya. Ya bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan ya cire batirin ya sa matacce.

Sabon murfin ya fi jikin ƙyalli. Na karɓa na goga shi da toka da ɗan man gyaɗa daga wurin mai ƙosai, na cusa datti a gefen da farce. Da zai rufe, na ga hannunsa ya tafi wurin allurar da kansa, ya ɗauka, sannan ya tuna ya ajiye.

Tsohon injin da tsohon murfin ya naɗe a ƙyalle. Ya rasa inda zai sa su. Gida ba zai yiwu ba, Salma ke wanke masa kaya. Na karɓa na cusa a ƙasan gwangwanin na zuba sauran a kai. Muka rufe ana kiran magariba, ba wanda ya ce wa wani sai da safe.

Laraba tun kafin in gama jera kaya Haladu ya iso. Ba shi kaɗai ba, da wasu biyu, suka faka a tsallaken titi suka zauna a kan baburansu. Fasinja na tsayar da su suna girgiza kai. Shi Haladu ya zo ya tsaya jikin ginshiƙin baranda, idonsa ja, da gani bai yi barci ba. Rabin shagunan layin ma ba su buɗe ba.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini a rai. Mun gyara agogo, ba mu gyara mai shi ba. Mutumin nan zai zo ya buɗe baki ya ce Baba ka canza injin? Shi ke nan an gama. Na kalli Baba, na ga shi ma yanzu abin ya zo masa, fuskarsa ta yi fari.

Na hango shi daga nesa, dogo, da rigar zif ɗinsa, yana ratsowa ta wajen masu kayan miya. Na tashi na gyara ɗauri na tare shi tun bai ƙaraso ba, ina washe baki ina ɗaga murya.

Na ce, “Oga Vom, oga Vom. Ina madarar da ka ce za ka kawo mini? Haka ake yi? Ka ga mace ba miji sai ka yi mata alkawarin banza?”

Ya tsaya yana kallona kamar mahaukaciya. Na kama hannun rigarsa ina dariya, na matso da bakina, na faɗa masa da buroka, Turancin kasuwa, a gurguje: batir kawai ka kawo a sa, bara aka kawo maka agogon daga Legas, in ka faɗi wani abu ban da wannan ba za ka koma Vom ba. Ya kalli inda idona ya nuna masa, ya ga baburan. Na ji hannunsa ya sandare a cikin rigar. Na ɗauka zai juya ya ruga, da kuwa ya kashe kansa. Na riƙe shi gam na ja shi zuwa teburin ina ta surutun madara.

Baba ya ce, “Malam, sannu da zuwa. Murfin naka ne ya ba ni wahala, sai yanzu zan buɗe. Wannan ɗana ne, yana son ganin cikin irin wannan agogon.”

Ya sa wuƙa, ya yi kamar yana fama, murfin ya ɗago. Bai ko duba ba, ya miƙa wa Haladu murfin da gilashin. Haladu ya kara a ido ya bi gefen murfin a hankali, ya juya shi, ya sake bi. Ya karkata shi wajen haske. Ya ajiye, ya ɗauki agogon ya leƙa ciki: farar roba, ɗan inji, mataccen batir da koren tsatsa.

Ya juya wurin Ignatius. “Tun yaushe yake hannunka?”

Ignatius ya ce, “Bara. Ƙanwata ta kawo mini daga Legas.” Muryarsa ta fito siririya. Ana wannan sanyin, gumi na bin gefen kunnensa.

Haladu ya kawar da ido daga kansa. Sannan ya kama kan agogon da yatsa biyu ya murɗa. Na wani in ka murɗa yana cizawa, kana jin ƙar-ƙar a yatsa. Wannan sai ya juya sululu, ba abin da ya riƙe shi. Ya sake murɗawa, ya kai kunne, ya sake. Yana yaro shi Mahdi yake ba wa agogon ya murɗa masa da safe, yatsunsa sun san abin da suke nema, ba su samu ba.

Ya ajiye agogon a kan teburin. Ba sauƙi na gani a fuskarsa ba, kamar wanda aka ƙwace wa abu ne. Ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba.” Bai kalli Ignatius ba. Ya tsallaka titi, ya yi wa abokansa magana, suka tayar da babura suka tafi.

Baba ya sa sabon batir, ya saita, ya rufe, ya tura agogon gaban mutumin. Ignatius ya ce, “Baba, agogon nan, wanda yake da shi…”

Baba ya ɗaga hannu. “Kada ka gaya mini komai. Ba na son ji. Ɗauki ka tafi, kada ka sake biyowa ta layin nan.”

Ya ɗauka. Bai ɗaura ba, aljihu ya sa. Na bi shi da kallo har ya shige cikin mutane, ina neman wani abu a tafiyarsa da zai gaya mini ko wane ne shi. Ban samu ba, har yau ban sani ba.

Na koma teburina na zauna. Baba ya ɗauki wani agogon ya buɗe ya zuba masa ido, bai taɓa komai a ciki ba. Muna nan a haka har rana ta take tsaka.

Sai ga Salma da kwanon abinci a leda. Ba ranar sayen zarenta ba ce. Tun daga nesa na ga tafiyarta ta sauya, da sauri, mayafinta na zamewa tana gyarawa. Ta durƙusa ta gaishe da uban, ta gaishe ni, ta ajiye kwanon.

Ta ce, “Baba, jiya Haladu ya zo ya gaya mini an kawo agogo irin na Mahdi. Ban runtsa ba. Har na ciro kayan da zan sa in shiga takaba, na ninke na ajiye a bakin gado.” Ta yi dariya, hawaye na zubo mata. “Ɗazu ya biyo ya ce ba shi ba ne. Ya ce da idonsa ya duba, babu shaidarka.”

Baba ya ce, “Haka ne.”

“Alhamdu lillahi. Ka ga ke nan nasa na hannunsa. Ni dama jikina bai taɓa ba ni ya rasu ba, Baba, ku ne kuke gani kamar taurin kai nake.”

Baba ya kawar da kai. Ya maƙala gilashinsa a ido ya sunkuya a kan agogon da ke gabansa. Gwangwanin na ƙarƙashin teburina, gefen zaninta na taɓa shi.

Ta juyo wurina tana share fuska da bakin mayafi. Ta ce, “Mama, kina da fata mai kyau, ruwan ƙasa? Tasa tun lokacin ta fara tsagewa, yanzu ai ta gama yayi. Ina so in ajiye masa.”

Na buɗe akwatina. Na zaɓo mata wadda ta fi kowacce, na naɗe a takarda na ba ta, ta sa hannu biyu ta karɓa.